Zaƙi Kafin Zuwan Farin Sukari: Abin da Ƙofar Mazugal Ta Gani

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan wata magana ta yawaita a bakin likitoci da masana abinci, musamman a Turai da Amurka, wato neman kayan zaƙi waɗanda babu farin sukari, babu alkama, babu madara a cikinsu. Dalilansu uku ne. Yawan shan sukari yana kawo ƙiba da ruɓewar haƙori, yana kuma share wa ciwon sukari hanya. Alkama da sha'ir suna ɗauke da sinadarin gulutin, wanda yake lahanta hanjin kimanin mutum 1 cikin 100. Madara kuwa, manya da yawa cikinsu ba ya iya narkar da ita. To, sai ga shi wasu daga cikinmu sun ɗauki abin a matsayin sabon ilmi da ya zo daga waje. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna wa mai karatu cewa Bahaushe ya daɗe da irin wannan zaƙi, a kuma bi sawun yadda ya sake shi. Za mu tsaya a Ƙofar Mazugal ta birnin Kano mu duba abin da ya riƙa shigowa ta wannan nahiya.

Ƙofar da ayarinta

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) shi ne ya fara gina ganuwa, kuma ya ambaci Ƙofar Mazugi cikin wuraren da ginin ya bi. Ƙofar tana arewacin birni, kusa da Dutsen Dala, tana maƙwabtaka da Fagge inda ayarin raƙuma suke yada zango. Daga nan kaya sukan wuce Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Saboda haka kaya iri biyu ne suke haɗuwa a wannan gefe: na ƙauyukan da ke kewaye da birni, da kuma na ƙetaren Sahara.

Zaƙin gida

Na ƙauye su ne tushe. Da farko akwai zuma, wadda ake samu daga amya da ake ɗorawa a kan manyan itatuwa. Akwai takanɗa, 'yar'uwar dawa mai zaƙin kara, da kuma rake. Sa'an nan ga 'ya'yan itatuwa, kowanne da lokacinsa: ɗinya, kanya, magarya, kurna, goriba, taura, aduwa, da garin ɗorawa mai launin rawaya. Daga ɗinya ake yin maɗi. Akan jiƙa 'ya'yan da suka nuna, a mutsuke, a tace, a dafa ruwan har ya yi kauri. In aka ci gaba da dafawa har ya kama jikinsa, aka ja shi, sai ya zama alewa.

Da wannan zaƙi ne mata suke haɗa hatsi da sauran amfanin gona. Nakiya garin shinkafa ce da aka soya, aka sa mata citta da kanumfari da masoro, aka kirɓa ta a turmi da zuma da mai har ta haɗe. Masu hali sukan sa man shanu, amma man gyaɗa ma yana yi. Tana daɗewa watanni ba ta lalace ba, shi ya sa ta zama jigo a cikin gara. Dakuwa daga soyayyiyar aya ake daka ta, wani lokaci da gyaɗa. Ƙantu kuwa riɗi ne aka ɗaure da zaƙi. Mai karatu zai lura cewa shinkafa da aya da riɗi da gyaɗa, har da gero da dawa da acca, babu gulutin a ko ɗaya daga cikinsu.

Zaƙin ayari

Harshe kansa shaida ne a kan abin da ya zo daga arewa. Kalmomin sukari da alewa da alkama da alkaki duk daga Larabci aka aro su. Ayari ya riƙa kawo dabino daga dausayoyin Sahara, irin su Bilma da ƙasar Fezzan. Larabawan Tarabulus da Gadamas da suka zauna a unguwanni irin su Dandalin Turawa su ne manyan masu cin alkama, abin da ake nomawa kaɗan a fadama da rani. Don haka alkaki, wanda alkama ce da zuma, ya zama abincin fada da gidajen attajirai da ranakun biki.

Shi ma farin sukari ta wannan hanya ya fara zuwa. Dokta Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, kuma cikin kayan Turai da ya lissafa ana sayarwa a kasuwa har da sukari daga ƙasar Faransa. Sai mu auna: abin da ya ƙetare teku a jirgin ruwa, sa'an nan ya yi watanni a bayan raƙumi, ai ba na kokon talaka ba ne. A ƙarni na 19 sukari a Kano kayan alfarma ne, na tsaraba da girmama baƙo.

Jirgin ƙasa da inji

Abubuwa biyu suka sauya lamarin a ƙarni na 20. Na farko, hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Ciniki ya juya daga arewa ya koma kudu, ayarin Tarabulus ya yi ta ja da baya, kantunan kamfanonin Turawa suka cika da sukarin kwali. Kuɗin gyaɗa ya shiga hannun manomi, shayi da burodi suka sami gindin zama a birni. Na biyu, injin ƙarfe na matse rake, wanda doki yake juyawa, ya yaɗu a ƙasar Zazzau, musamman wajen Maƙarfi. Ruwan raken akan dafa shi a manyan kasake, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare, ya zama mazarƙwaila. Ita ce ta fara maye gurbin zuma a nakiya da dakuwa saboda araha.

Bayan samun mulkin kai aka kafa masana'antar sukari a Bacita, ta fara aiki a 1964. Ta Numan ta biyo baya, sa'an nan a 2000 matatar Dangote ta fara aiki a Apapa ta Legas. Da sukari da fulawa da madarar gari suka wadata, sai sabbin kayan ƙwalama suka mamaye tallan yara da farantin biki: cincin, kek, tuwon madara, gullisuwa. Ko tsofaffin ma ba su tsira ba, domin nakiya da dakuwa da ƙantu na kasuwa yawanci da farin sukari ake yin su.

Darasin da ke ciki

A nan akwai wurin yin hattara. Kada wani ya ɗauka cewa da zarar ya zuba zuma a madadin sukari ya tsira. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa zaƙin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abincinsa a yini, in ma da hali kada ya wuce kashi 5, wato kimanin ƙaramin cokali 6 ga babban mutum. Cikin wannan lissafi har da zuma da ruwan 'ya'yan itace. Mazarƙwaila da maɗi ma sahunsu ɗaya, kuma mai ciwon sukari bai kamata ya sake da su ba. Ai zuma da zaƙi da harbi.

Abin da ya kare kakanninmu shi ne wuya da lokaci. Zuma sai an hau itace, maɗi sai ɗinya ta nuna kuma an wuni a gindin murhu, nakiya sai da dalilin aure ko salla. Sauran zaƙin kuwa a jikin ɗan itace ake cin sa, da ɓawo da tsoka, ba ya shiga jini gaba ɗaya. Inji ne ya raba zaƙi da wahalarsa, ya mai da abincin biki na kullum.

Kammalawa

Aiki biyu ne a gabanmu, mu ɗaliban Hausa. Na ɗaya, mu je wurin tsofaffin matan Dala da Fagge da sauran unguwanni mu rubuta yadda ake yin waɗannan abubuwa, da awonsu da sunayensu, tun masu sanin suna raye. Na biyu, mu yi magana a kan itatuwan, domin ɗinya da kanya da ɗorawa suna ƙarewa a hannun masu gawayi da masu yanka filaye, kuma in babu ɗinya babu maɗi, sunan ma sai ya koma cikin ƙamus. Da tsohuwar zuma ake magani, amma fa magani da awo ake shan sa. Allah Ya sa mu gane.