Tsoffin baturan kwamfuta: Yadda ake gane mai rai da wanda ya zama haɗari

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da ƙarin kuɗin wutar lantarki ga masu rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane kilowat a watan Afrilun 2024, ajiye wuta ya zama damuwar gidaje da ƙananan masu sana'a a Najeriya. Duhun da ya mamaye akasarin jihohin Arewa fiye da mako guda a watan Oktoban 2024 ya ƙara wa lamarin nauyi. Sabon batirin litiyom na da tsada, shi ya sa masu gyara da dama suka koma fasa baturan tsoffin kwamfutocin tafi-da-gidanka, suna zaro ƙwayoyin da ke ciki su haɗa fawa banki da fitilun caji da ƙananan baturan sola.

Dabarar tana aiki, amma da sharaɗi. Ƙwaya mai lafiya da wadda ke dab da kama wuta kamanninsu ɗaya ne a ido, kuma gwaji ne kaɗai ke raba su.

Abin da ke cikin batirin

Yawancin tsoffin kwamfutocin da ake iya cire musu batir na ɗauke da ƙwayoyi shida masu siffar gwangwani, waɗanda ake kira 18650 saboda girmansu: kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65. Kamfanoni irin su Samsung da LG da Sanyo da Panasonic da Sony ne suka ƙera mafi yawansu. Sony ne ya fara fitar da irin wannan batir kasuwa a 1991.

Kowace ƙwaya tana aiki ne a kan bolt 3.6 ko 3.7, tana cika a bolt 4.2. A cikin batir mai ƙwaya shida, an haɗa su bibbiyu, sannan aka jera rukunin uku, abin da ke ba da bolt 10.8 ko 11.1 da ake gani a rubuce a jikinsa. Akwai kuma ƙaramin allon lantarki da ke tsaron su, wanda ke rufe batirin gaba ɗaya da zarar rukuni guda ya yi rauni. Wannan ne ya sa batirin da kwamfuta ta ƙi yakan ƙunshi ƙwayoyin da har yanzu suke da sauran amfani.

Duba da ido, sannan mita

Gwaji na farawa ne tun wajen fasa robar batirin, domin ƙarfen da ya taɓa kai da jikin ƙwaya lokaci guda na iya haddasa tartsatsi. Duk ƙwayar da ta lotsa, ko ta yi tsatsa, ko take yoyo, ko take fitar da wani wari mai zaƙi-zaƙi, ba ta shiga gwaji. Wadda ledar jikinta kaɗai ta yage ana iya sake mata wata, kuma dole ne a sake, saboda gwangwanin gaba ɗayansa ɓangare ɗaya ne na wutar.

Daga nan sai a ɗora mita. Ƙwayar da ta nuna bolt 3 ko fiye ta daɗe a ajiye ba tare da ta zube ba, alama ce mai kyau. Wadda ta sauka ƙasa da 2.5 abar tuhuma ce. Idan kuwa ta faɗi ƙasa da bolt 2 ta jima a haka, jan ƙarfen da ke cikinta na iya narkewa, ya sake daskarewa a inda bai dace ba idan an yi mata caji, ya haɗa wuta daga ciki. Irin wannan ƙwaya tana iya karɓar caji kamar lafiyayya, amma masu taka-tsantsan ba sa amfani da ita.

Caji da hutu

Mataki na gaba shi ne caji a hankali, da ƙarfin da bai wuce rabin amfiya ba, a kan siminti ko cikin akwatin ƙarfe, nesa da katifa da labule da jarkar fetur, kuma da mutum a kusa. Ƙwaya mai lafiya ɗumi kawai take yi. Wadda ta yi zafin da hannu ba zai jure ba, ko ta ƙi kaiwa bolt 4.2, ta faɗi gwaji. Masu ƙera ƙwayoyin kan ƙayyade cewa kada a yi caji a zafin da ya haura digiri 45, iyakar da ɗakin kwano a Sakkwato ko Maiduguri zai iya kaiwa a watan Afrilu. Caji da sassafe ko da dare ya fi aminci.

Bayan ta cika, sai a rubuta adadin bolt ɗin a jikinta, a ajiye ta mako biyu zuwa huɗu. Lafiyayya takan ɗan sauka kaɗan ta tsaya a wajen 4.1 ko sama. Wadda ta gangara ƙasa da bolt 4 ba tare da an yi aiki da ita ba tana zubar da caji daga ciki, kuma idan aka haɗa ta da wasu za ta riƙa tsotse su. Wannan mataki ba ya cin ko sisi sai haƙuri, kuma shi ne mai gaggawar kai kaya kasuwa ya fi saurin tsallakewa.

Auna yawan cajin da take riƙewa

Bolt ba ya nuna yawan cajin da ƙwaya ke ɗauka. Tsohuwar da ta ƙare tana iya nuna 4.2 ta mutu cikin mintuna. Don sanin gaskiya, ana sauke cajin ne da ƙarfi daidaitacce har zuwa wajen bolt 3 ko 2.8, na'ura tana ƙirga abin da ya fita da ma'aunin mAh. Cajoji irin su LiitoKala Lii-500 da Opus BT-C3100 na yin wannan aiki ga ƙwaya huɗu a lokaci guda. A rabin amfiya, ƙwaya mai 2,000 mAh za ta ɗauki awa huɗu kafin ta sauka.

Sai a kwatanta sakamakon da abin da kamfani ya ƙayyade ga lambar da ke jikinta. Ƙwayoyin kwamfuta na wancan zamani sukan fito da 2,000 zuwa 2,600 mAh. A al'adar masana'antar, batirin da ya sauka ƙasa da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa na asali ya gama aikinsa na farko, ko da yake zai iya ci gaba da kunna tocila ko rediyo. Mafi ingancin ƙwayoyin 18650 a yau suna tsayawa ne a wajen 3,500 mAh, saboda haka wadda aka rubuta wa 9,900 mAh ƙarya ce tsagwaronta.

Lissafin na taimaka wa mai saye. Ƙwaya mai 2,000 mAh tana riƙe da wat 7.4 na awa guda. Cika wayar da batirinta ke da 5,000 mAh na buƙatar uku zuwa huɗu, yayin da tara kilowat ɗaya na awa guda ke buƙatar kusan 135.

Turjiyar ciki

Ma'auni na ƙarshe shi ne yadda ƙwaya ke turje wa wutar da ke ratsa ta. Turjiyar na ƙaruwa da tsufa, kuma ita ce ke juya wuta ta koma zafi. Sababbin ƙwayoyin kwamfuta ba sa kaiwa miliyom 100, don haka wadda ta haura wannan adadi sosai ta gaji. Adadin da ƙananan cajoji ke nunawa yakan canja daga gwaji zuwa gwaji. Na'ura mai wayoyi huɗu irin YR1035 ta fi ba da abin dogaro.

Ko wadda ta ci dukkan gwaje-gwajen tana da iyaka. An ƙera ta ne don jan wuta kaɗan-kaɗan, ba don keken lantarki ko injin huda ba. Idan za a haɗa da yawa, sai an zaɓi masu ƙarfi kusan ɗaya, a liƙa su da waldar ɗigo maimakon dalma mai zafi, a kuma saka allon tsaro da ake kira BMS. Ko sababbi ba su tsira daga haɗari ba: a 2006 kamfanin Dell ya janye batura kusan miliyan 4.1 da Sony ya ƙera saboda barazanar gobara.

Ina waɗanda suka faɗi suke zuwa?

Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa a 2018 ya gano cewa kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ne ke shiga Najeriya a shekara ta tashoshin ruwan Legas, mafi yawa daga Turai, kuma aƙalla tan 15,400 ba sa aiki tun isowarsu. Daga kasuwannin Alaba da Computer Village kayan ke bazuwa zuwa sauran sassan ƙasar. Yarjejeniyar Basel ta 1989 ta taƙaita jigilar shara mai guba tsakanin ƙasashe, kuma iya aiki na daga cikin abin da ke bambanta kayan gwanjo da shara. Ke nan gwaji ba batun sana'a ba ne kaɗai, batu ne na doka.

Hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta NESREA ta fitar da ƙa'idojin sarrafa batura a 2024, bisa tsarin da ke ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da kaya alhakin tattara su idan sun mutu. Ƙwayar da aka jefa bola kuwa tana ƙarewa ne a hannun 'yan gwangwan, ko cikin sharar da ake cinna wa wuta, inda take fashewa ta fitar da hayaƙi mai guba. Kafin a samu wurin karɓa, abin da ya dace shi ne a sauke mata caji, a rufe kawunanta da salatif, a ajiye ta cikin yashi a mazubin ƙarfe.

Mai sayen fawa banki ko batirin sola da aka haɗa a gida na da haƙƙin tambayar abu uku: mAh nawa kowace ƙwaya ta bayar a gwaji, mako nawa ta huta kafin a haɗa ta, kuma ko akwai allon tsaro a ciki. Mai haɗawar da ya yi gwajin zai nuna lambobin a rubuce a jikin ƙwayoyin.