Asalin Jar Alkamar Kansas

Jihar Kansas da ke tsakiyar Amurka fili ce fetal, iyakar ganinka alkama. Amma alkamar nan baƙuwa ce, tafiyayya, kuma labarinta ya fi na yawancin garuruwan jihar daɗi.

A shekarar 1763 Sarauniya Katarina ta Rasha, wadda ita kanta Bajamushiya ce, ta yi shela ga manoman ƙasashen waje su zo. Ta yi musu alkawarin gona kyauta, kowa ya bi addininsa, kuma ba za a ɗebi 'ya'yansu soja ba. Cikin waɗanda suka amsa daga baya har da Menonawa, wata ɗariƙar Kirista masu jin Jamusanci, waɗanda ba su yarda da ɗaukar makami ba. Suka zauna a kudu, inda Yukiren take yau, wasu har Kirimiya. A can suka saba da wata jar alkama mai tauri, wadda ake shukawa gab da hunturu, ta kwanta ƙarƙashin dusar ƙanƙara, sanyi na wucewa ta miƙe. Alkawarin ya haura shekara ɗari kafin jikokin Katarina su warware shi. Da aka ce a 1874 kowa zai shiga soja, sai da yawa suka ɗaure kaya.

Tsofaffinsu sun ce kafin tashi, wani magidanci a Kirimiya ya zaunar da 'yarsa Anna Barkman, 'yar shekara takwas, gaban tarin alkama. Ya ce ta tsinto masa ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, kada ta ɗauki sai ja jawur, cikakkiya, mai tauri. Yarinya ta yi ta tsinta kwana da kwanaki, aka cusa irin cikin kaya, aka haye teku. Suka sauka gundumar Marion ta Kansas a shekarar da fara ta cinye gonakin jihar ƙarƙaf, har wasu manoma na guduwa. Su kuwa suka shuka abinsu, ya yi kyau.

Masana tarihi suna musu. Sun ce ɗan abin da yarinya ta tsinta ba zai cika jiha ba, wai Bernhard Warkentin, mai injin niƙa a Halstead da Newton, shi ya yi ta shigo da irin da yawa daga Rasha bayan shekaru. Ni dai ban ga abin faɗa ba. Manomi ba ya ƙaura ya bar irinsa a baya, kuma Warkentin bai yi odar abin da ba a riga an ga amfaninsa a gona ba.

Masu niƙa sun ƙi alkamar da farko saboda taurinta, sai da injin ƙarfe ya zo. Zuwa 1919 ta mamaye mafi yawan gonakin alkamar jihar, ana kiran ta Turkey Red. Yanzu sababbin iri sun ture ta, abin takaici, amma da yawansu jikokinta ne.