Tarihin Awon Samun Ƙasa a Nijeriya

Kowace shekara gwamnatocin duniya sukan fid da wani adadi guda, su ce shi ne jimlar abin da ƙasarsu ta samu a shekarar. Da wannan adadi ake tsara kasafi, da shi ake cin bashi, da shi kuma ake jera ƙasashe, a ce wannan mawadaciya ce, waccan matalauciya. Galibin mutane sun ɗauka ƙirga shi ake yi kamar yadda ake ƙirga buhunan gyaɗa a bakin sikeli. Alhali kuwa tarihinsa a Nijeriya ya nuna ba haka ba ne. Kafin a auna, sai an yanke shawarar abin da zai shiga mudu da abin da za a bari a waje, kuma duk sa'ad da aka sāke wannan shawara, adadin ma sai ya sāke.

Ya kamata a fara da rarrabe kalmomi. A Hausa dukiya ita ce abin da mutum ya tara yake riƙe da shi, kamar shanu da gona da gida. Samu kuwa shi ne abin da ke shigowa cikin wani lokaci, kamar amfanin gonar bana ko ribar fatauci. Arziki ya fi su duka faɗi, domin ya haɗa har da albarka da jama'a. Abin da ofisoshin ƙididdiga ke aunawa shi ne na biyun, watau darajar dukan kaya da ayyukan da aka samar a ƙasa cikin shekara guda, an ƙiyasta ta da kuɗi. Shi za a kira samun ƙasa a wannan takarda.

Asalin awon

Yaƙi da haraji su suka haifi wannan ilmi. A 1665, Ingila tana yaƙi da Holan, William Petty ya ƙiyasta cewa mutanen Ingila miliyan 6 ne, samunsu kuwa fam miliyan 40 a shekara. Nufinsa ya nuna wa masu mulki cewa in an raba haraji da adalci ƙasar za ta ɗauki nauyin yaƙin. Bayansa Gregory King ya yi irin wannan lissafi na shekarar 1688. Amma sai a ƙarni na ashirin abin ya zama aikin hukuma. Da kasuwannin duniya suka faɗi a 1929, Majalisar Dattawan Amurka ta nemi sanin girman ɓarnar. A 1934 Simon Kuznets ya miƙa mata rahoto wanda ya nuna samun ƙasar ya ragu da kimanin rabi daga 1929 zuwa 1932. A cikin rahoton nan ya yi gargaɗi kada a ɗauki adadin a matsayin ma'aunin jin daɗin jama'a.

A Ingila kuma Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kawo shi. James Meade da Richard Stone suka tsara lissafin da aka buga tare da kasafin 1941, bisa ƙarfafawar Keynes, don a san iyakar abin da za a iya ɗiba a kai fagen yaƙi ba tare da an kassara mutanen gida ba. Stone ɗin nan shi ya shugabanci masanan da suka rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya ƙa'idodin awon a 1953, waɗanda aka yi ta gyarawa a 1968 da 1993 da 2008.

To, a lura da inda aka sassaƙa wannan mudu. An yi shi ne a ƙasashen da kusan kowa albashi yake ci, abincinsa saye yake yi, kamfanoni kuwa suna ajiye littattafan ciniki. A can iyakar da ke tsakanin gida da kasuwa a fili take: abin da aka saya da kuɗi ya shiga lissafi, aikin da mace ta yi wa iyalinta bai shiga ba. Tun a 1920 Pigou ya nuna gurguntar wannan ƙa'ida, ya ce in mutum ya auri mai yi masa aikin gida, samun ƙasa ya ragu ke nan, ko da yake aikin bai ragu ba.

Awon farko a Nijeriya

Turawan mulki ba su rasa ƙiyasi ba tun kafin wannan zamani. Tun lokacin Lugga jami'ai suna zaga ƙauyukan Arewa suna auna gonaki, suna ƙiyasta amfaninsu da ribar sana'o'i don a yanka haraji, ana kuma ƙirga shanu saboda jangali. Amma wannan awo na karɓa ne, kuma duk wanda ake aunawa ya san haka. Manomi ba ya ɗokin bayyana yawan dammansa, makiyayi kuwa da ya ji labarin masu ƙirga sai ya kora wani sashe na garke cikin daji. Saboda haka alkaluman da aka gada daga littattafan En'e suna da tawaya tun daga tushe.

Bayan yaƙi, da aka shiga zancen raya ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila, sai aka bukaci adadi guda na ƙasa duka. Phyllis Deane ta gwada hanyoyin Stone a Rodeshiya ta Arewa da Niyasalan da Jamaika, ta buga sakamakon a 1948. Sa'an nan aka aiko A. R. Prest da I. G. Stewart daga Kambirij su auna Nijeriya. Littafinsu ya fito a 1953, ya ce samun ƙasar na 1950–51 kimanin fam miliyan 600 ne, watau wajen fam 20 ga kowane mutum.

Wasu ɓangarorin lissafin ba su ba su wahala ba. Gyaɗa da auduga da koko da kwakwar manja da ake fitarwa waje duk suna bi ta hannun hukumomin ciniki, ana auna su, jirgin ƙasa ya ɗauka, kwastan ta rubuta. Dalar gyaɗa ta Kano ana iya sanin buhunan da ke cikinta. Amma gero da dawa da doya da rogo, waɗanda su ne mafi yawan abin da ƙasar ke nomawa, yawancinsu ba su taɓa ganin sikeli ba, daga gona sai rumbu, daga rumbu sai tukunya. Nan dole a yi ƙiyasi: faɗin ƙasar da aka noma, a ninka da abin da eka guda ke bayarwa, a ninka da farashin kasuwa. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan zato ne, kuma kuskure kaɗan a ɗayansu yakan zama miliyoyin fam a jimla.

Babbar matsalar da suka tarar kuwa ita ce ta gida. Sun lura cewa a Afirka ta Yamma gida ba aljihu guda ba ne yadda yake a Ingila. Miji da mata kowa da dukiyarsa, har ciniki yana gudana tsakaninsu. Don haka suka ƙi bin ƙa'idar Turai, suka sa ayyukan da mata ke yi wa mazajensu cikin lissafi. Da suka nemi farashin da za su ɗora wa wannan aiki, sai suka ɗauki kuɗin aure suka mai da shi ma'auni. An soki wannan dabara ƙwarai, kuma sukar tana da hujja, gama aure ba ijara ba ne, sadaki kuwa ba ladan daka da girki ba ne. Duk da haka abin da suka hango gaskiya ne, ko da maganin da suka kawo bai dace ba.

Shaidar ƙasar Hausa

Masu nazarin zaman Hausawa sun tabbatar da wannan. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙauyukan Zazzau a 1949 da 1950 ya buga a 1955, ya bi kasafin magidanta ɗaya ɗaya, ya nuna yadda noma da sana'a da fatauci da kyauta suke cuɗe a hannun mutum guda. A cikin gandu ɗaya akwai gonar gandu wadda maigida ke ciyad da kowa daga cikinta, akwai kuma gayauna wadda amfaninta na mai ita ne shi kaɗai. Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a 1967, ta bayyana cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu, yara suna kai talla: hatsi, da man gyaɗa, da ƙuliƙuli, da fura, da dafaffen abinci iri iri. Ta nuna wannan ciniki na ɓoye kasuwa ce sosai, mai farashinta, ko da ba ta da rumfa.

Ga mai awo wannan tarko ne. Matar da ta dama fura don mijinta, bisa ƙa'ida, ba ta samar da kome ba. In ta ɗebi rabin furar nan ta ba 'yarta ta kai talla, to, wannan rabin ya zama samun ƙasa. Amma ma'aikacin ƙididdiga namiji ba shi da hanyar wuce zaure, balle ya ga abin da ake yi a tsakar gida. Ashe akwai aikin da ƙa'ida ta fitar, akwai kuma wanda ƙa'ida ta yarda da shi amma ido bai kai gare shi ba, kuma kaso mai yawa na duka biyun a hannun mata yake.

Okigbo da zamanin 'yancin kai

Da mulkin kai ya gabato aka ɗora wa Pius Okigbo sabon awo na shekarun 1950 zuwa 1957, aka buga shi a Inugu a 1962. Ya fitar da ayyukan cikin gida daga lissafi, ya sāke hanyoyin ƙiyasin wasu ɓangarori, sai adadinsa na 1950 ya gaza na Prest da Stewart da kimanin kashi 15 cikin ɗari. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya, ba fari ba ambaliya, amma samu ya bambanta da miliyoyin fam.

A kan irin waɗannan alkaluma aka gina Shirin Raya Ƙasa na farko, na 1962 zuwa 1968. Wolfgang Stolper, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara shi, ya rubuta littafi a 1966 wanda sunansa kansa yake cewa an yi shirin ne ba tare da tabbatattun bayanai ba. Ga kuma rigimar yawan jama'a. Ƙidayar 1952–53 ta ba da kimanin miliyan 30. Aka soke ta 1962 saboda gardamar jihohi, ta 1963 ta ba da miliyan 55.7, ta 1973 ita ma aka soke. Da yake kujerun majalisa da rabon kuɗi sun rataya a kan ƙidaya, a nan kowa so yake a ƙara masa, akasin zamanin haraji. Wannan ya shafi awon samu ta hanya biyu: da yawan jama'a ake raba jimla a sami rabon kowane mutum, kuma sau da yawa da shi ake ƙiyasta abincin da aka noma tun da fari.

Sabunta shekarar ma'auni

Akwai wata shawara kuma da ke ɓoye cikin adadin. Ba a iya bin kowace sana'a kowace shekara, saboda haka akan zaɓi shekara guda a bincika ta da kyau, a san nauyin kowane ɓangare, sa'an nan a riƙa ɗora canjin shekarun da ke biye a kanta. Shawarar masana ita ce a sabunta wannan shekarar ma'auni duk bayan shekara biyar. Nijeriya ta zauna a kan 1990 fiye da shekara ashirin. A 1990 kuwa babu wayar hannu, sana'ar fim ta Ikko da ta Kano ba su kafu ba, bankuna ba su yaɗu ba.

Gana ta sabunta nata a 2010, samunta ya tashi da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Ran 6 ga Afrilu 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, a ƙarƙashin Yemi Kale, ta mai da shekarar ma'aunin Nijeriya 2010, ta ƙara ɓangarorin da ake aunawa daga 33 zuwa 46. Samun 2013 ya tashi daga naira tiriliyan 42.4 zuwa 80.2, watau kimanin dala biliyan 510, ƙarin kashi 89 cikin ɗari. A rana ɗaya Nijeriya ta wuce Afirka ta Kudu. Ba wanda ya wayi gari da ƙarin kwabo a aljihunsa, amma hoton ƙasar ya sāke. Rabon noma ya sauka daga wajen kashi 35 zuwa 22, na man fetur daga wajen sulusi zuwa kimanin kashi 14. Bashin gwamnati ya zama ƙarami in an gwada shi da samu, harajin da take tarawa kuma ya bayyana ƙarami ƙwarai fiye da yadda ake zato. Bayan faɗuwar darajar naira a 2023 da 2024 ƙasar ta rasa wannan matsayi na farko in an auna da dala. A Yuli 2025 aka sāke mai da shekarar ma'auni 2019, samun 2024 ya zama kimanin naira tiriliyan 373.

Kammalawa

Wannan tarihi bai nuna adadin ƙarya ba ne. Gwamnatin da ba ta da shi lalube take yi cikin duhu, kuma kowane sabon awo ya fi na bayansa kusa da gaskiya. Abin da ya nuna shi ne adadin yana da iyaka, kuma mutane ne suka shata ta. A 1993 ma an matsa da ita, aka yarda ɗiban ruwa ya shiga lissafi, amma girki da reno suka saura a waje. Abin da ba a auna ba kuwa ba safai ake yi masa tanadi a kasafi ba: ba a yi masa hanya, ba a ba shi rance, ba a lura in ya durƙushe.

Saboda haka malamin da zai koya wa ɗalibansa wannan fanni ya kyautu ya koya musu tambayoyi uku tare da kowane adadi: wa ya auna, wace shekara ya ɗauka ma'auni, me kuma ya bari a waje. Masu nazarin Hausa kuwa suna da nasu aiki a nan. Su suka san bambancin gandu da gayauna, da adashi da biki, da talla da kiri, kuma tambayar da ma'aikacin ƙididdiga zai yi a ƙofar gida ba za ta sami amsar gaskiya ba sai an tsara ta da kalmomin da masu gidan ke lissafin samunsu da su.