Tarihin Gyaran Gida Domin Guragu

Tun da ɗan Adam ya fara gini, mai ƙafa biyu lafiyayyu yake aunawa ya yi wa ɗaki. Magini yakan ɗaga dokin ƙofa don kada ruwan sama ya shiga, ya jera matakala, ya tsuke ƙofa don rage kashe kuɗi, bai ko tuna da gurgu ko tsoho ba. Saboda haka wanda ƙafarsa ta mutu sai gidansa ya zame masa kurkuku, ba shi shiga, ba shi fita, sai an ɗauke shi. Ga labarin yadda aka fara sāke wannan al'ada a Amurka da Ingila.

A cikin watan Agusta na 1921 ciwo ya kama wani ɗan siyasar Amurka, ana ce da shi Franklin Roosevelt, yana da shekara 39. Likitoci suka ce shan inna ne. Ya warke, amma ƙafafunsa ba su ƙara ɗaukarsa ba. Gidan iyayensa kuwa, a Hyde Park cikin jihar New York, babban bene ne, ɗakin kwanansa yana sama. Dabarar da aka yi ita ce, akwai wani akwati da ake jan kaya da shi zuwa sama da igiya, sai ya riƙa shiga ciki yana jan kansa da hannu. Ya ƙi a sa wa akwatin lantarki, don tsoron kada gobara ta tashi, wuta ta ɗauke, ya maƙale a ciki. Kekensa ma daga kujerar madafa aka yi shi, aka sa mata ƙafafun keke, ba ta da madogarar hannu, don ta iya ratsa ƙofofi masu ƙunci.

Wannan mutum shi ya zama Shugaban Amurka a 1933, aka kuma zaɓe shi har sau huɗu. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da ya so ya gina wurin hutawa bisa wani tudu kusa da gidan nan, sai ya zana fasalinsa da kansa, wani masanin gini mai suna Henry Toombs ya taimake shi. Aka yi ginin da dutse tsakanin 1938 da 1939. Duk abin da yake bukata yana ƙasa, ƙofofi masu faɗi, babu dokin ƙofa, tagogi an sauko da su yadda na zaune zai hangi waje, sa'an nan aka yi gangara ta ƙasa zuwa baranda. A nan ya yi wa Sarkin Ingila George na Shida liyafa a watan Yuni na 1939. Ya yi nufin komawa can in ya bar mulki, amma ajali ya riske shi a 1945 yana kan aiki.

To, Roosevelt mai dukiya ne, abin da ya yi kansa ya yi wa. Abin da ya sa maganar ta zama ta jama'a shi ne Yaƙin Duniya na Biyu. A yaƙin farko, sojan da harsashi ya karya masa gadon baya galibi ba ya daɗewa yake mutuwa, saboda gyambon kwanciya da ciwon mafitsara. A yaƙi na biyu kuwa an sami magunguna irin su penisilin, kuma a 1944 wani likita da ya gudo daga Jamus, Ludwig Guttmann, ya buɗe sashen jiyyar irin waɗannan mutane a asibitin Stoke Mandeville a Ingila. Samari da yawa suka rayu, suka komo gida bisa keke, suka tarar matakala uku ta bakin ƙofa ta fi ƙarfinsu. Don haka a 1948 Gwamnatin Amurka ta yi dokar ba irin waɗannan tsofaffin sojoji gudummawar kuɗi su gina ko su gyara gida daidai da halinsu.

Amma fa ko an sami kuɗi, wane awo magini zai bi? Wanda ya warware wannan shi ne wani malami, Timothy Nugent, wanda a 1948 ya fara karɓar ɗalibai guragu a Jami'ar Illinois. Ya riƙa kafa gangara iri iri, wata mai tsayi, wata mai miƙewa, ɗalibansa suna hawa suna sauka, yana lura da wadda suke iyawa ba tare da an tura su ba. Daga binciken nan aka fitar da ƙa'idar gini ta farko a 1961. Awonta biyu har yanzu ana aiki da su. Na farko, kowane inci ɗaya na tudu sai an ba shi inci 12 na gangara, watau matakala mai tsawon ƙafa ɗaya tana bukatar gangara mai ƙafa 12. Na biyu, ƙofa in an buɗe ta kada sararinta ya kasa inci 32.

A Ingila kuma wani masanin gini, Selwyn Goldsmith, wanda shan inna ta kama a 1956, ya fitar da littafi a 1963 mai bayyana awon ƙofa, da makewayi, da madafa, da ƙarfen da ake kafawa a bango don dafawa. A 1970 Majalisar ƙasar ta yi doka wadda ta ɗora wa hukumomin gari taimakon naƙasassu wajen gyaran gidajensu.

Duk da haka da sauran rina a kaba. An gyara wa gurgu gidansa, amma ina zai kai gaisuwar biki ko ta'aziyya, tun da gidan maƙwabcinsa yana nan da matakala? Wata mace a birnin Atlanta, Eleanor Smith, wadda ta taso bisa keke tun tana ƙarama, ita ta tsaya kan wannan magana daga wajen ƙarshen shekarun 1980. Abu uku kaɗai ta nema a kowane sabon gida: ƙofa ɗaya da babu matakala, ƙofofin ciki masu faɗi, da makewayi a ƙasa wanda keke zai iya shiga. Hujjarta ita ce, yin haka tun daga tushe kuɗinsa kaɗan ne, fasa bango daga baya shi ne mai tsada. A 1992 birnin Atlanta ya wajabta wannan ga gidajen da aka gina da taimakonsa, a 1999 kuma Ingila ta sa irinsa cikin dokar gina sababbin gidaje.

Mu ma nan maganar ta shafe mu. A 2020 aka tabbatar an kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Nijeriya, amma waɗanda ta riga ta naƙasa suna nan tare da mu, ga kuma tsofaffi da waɗanda suka yi haɗarin mota. Dokar hana wulaƙanta naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta fi ba da ƙarfi ga gine-ginen jama'a. Cikin gida kuwa, sai abin da mai gida ya ga dama. In mai karatu zai yi gini, ya tuna da awon nan biyu tun magini bai aza tubali ba: ya faɗaɗa ƙofar zaure da ta makewayi, ya mai da dokin ƙofa ɗan tudu mai gangara ta kowane gefe, wanda zai tare ruwa bai tare keke ba. Mai gudu yau, in Allah Ya ja kwanansa, da sanda zai shiga ɗakin nan gobe.