John J. McCusker: Masanin da ya bi diddigin darajar kuɗin Amurka kafin 'yancin kai

Farfesa John J. McCusker masanin tarihi ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya yi fice wajen nazarin ciniki, farashin kaya da canjin kuɗi a yankunan Amurka ta Arewa da Birtaniya ta mallaka a ƙarni na 17 da na 18. Abin da ya bambanta shi da sauran takwarorinsa shi ne, ya ƙare yawancin shekarun aikinsa yana neman amsar tambaya guda da kowane ɗan kasuwa ya san nauyinta: idan tsohuwar takarda ta ce kaya sun kai fam ɗari, wane fam ake nufi, kuma me zai iya saya?

An haife shi a shekarar 1939 a birnin Rochester da ke Jihar New York. Ya yi digiri na biyu a Jami'ar Rochester, sannan ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Pittsburgh a 1970. Ya koyar tsawon shekaru a Jami'ar Maryland da ke College Park, kafin ya koma Jami'ar Trinity a birnin San Antonio na Jihar Texas a 1992, inda ya riƙe kujerar farfesa ta Ewing Halsell a fannin tarihin Amurka, ya kuma kasance farfesa a fannin tattalin arziki.

Kundin digirinsa ya yi magana ne a kan cinikin barasar rake da ake kira rum, da tasirinta a kan lissafin shige da ficen kuɗi na yankuna 13 da daga baya suka zama Amurka. An buga shi a 1989 da taken Rum and the American Revolution. Fataken New England kan sayo kakkauran ruwan raken da ke saura bayan an fitar da sukari daga tsibiran Karibiyan, su dafa barasa da shi, su sayar a gida da waje. Wani kaso jiragen Rhode Island ke kai shi gaɓar Afirka ta Yamma, musamman yankin da yake Ghana a yau, a musanya shi da bayi. A 1733 majalisar Birtaniya ta ɗora harajin sisi a kan kowane galan na ruwan raken da ya fito daga tsibiran da ba nata ba, amma fasa-ƙwauri ya hana dokar yin tasiri. A 1764 sai ta mayar da harajin taro, ta kuma tsananta karɓarsa. Wannan na daga cikin matakan da suka harzuƙa 'yan kasuwar yankunan gabanin yaƙin neman 'yanci.

Littafin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne Money and Exchange in Europe and America, 1600–1775, wanda ya fito a 1978. A wancan zamani kowane yanki yana lissafi da fam, sule da kwabo, amma darajarsu ba ɗaya ba ce. Dalar azurfa ta Sifaniya, wadda ita ce tsabar kuɗin da ta fi yawo a hannun jama'a, tana daidai da sule 4 da sisi a kuɗin Ingila. A Massachusetts da Virginia kuwa sule 6 ce, a Pennsylvania sule 7 da sisi, a New York sule 8. Ga kuma kuɗin takarda da Massachusetts ta fara bugawa a 1690, ga taba da ake biyan bashi da haraji da ita a Virginia da Maryland. Duk wanda ya haɗa waɗannan alƙaluma ba tare da ya canza su zuwa ma'auni ɗaya ba, lissafinsa ya rushe tun daga tushe. McCusker ya tattaro farashin canji daga wasiƙun fatake, littattafan ajiyar lissafi da jaridu, ya jera su shekara bayan shekara, har littafin ya zama madogarar masu bincike.

A 1985 shi da Russell R. Menard na Jami'ar Minnesota suka wallafa The Economy of British America, 1607–1789. A ciki sun auna ra'ayoyi biyu game da abin da ya bunƙasa arzikin yankunan: fitar da amfanin ƙasa irin su taba, shinkafa, sukari, alkama da kifi zuwa kasuwannin ƙetare, ko kuwa ƙaruwar jama'a da yalwar ƙasar noma. Sun kuma haɗa tsibiran Karibiyan a cikin nazarin, domin a ganinsu ba a fahimtar arzikin Boston ko Philadelphia idan aka ware gonakin raken Barbados da Jamaica, waɗanda gumin bayi ya raya.

Daga nan ya juya ga asalin jaridun kasuwanci. A 1991 shi da Cora Gravesteijn suka fitar da The Beginnings of Commercial and Financial Journalism, a kan takardun farashin kaya da na canji da aka riƙa bugawa a biranen kasuwancin Turai irin su Amsterdam tun ƙarni na 16. A 1992 ya buga How Much Is That in Real Money?, ɗan ƙaramin littafi mai jadawalin farashi da ke ba mai karatu damar kwatanta kuɗin da da na yanzu, aka kuma sabunta shi a 2001. Shi ne kuma babban editan kundin History of World Trade since 1450 na shekarar 2006.

Ayyukan McCusker sun fi karkata ga jadawali da alƙaluma fiye da labarin shugabanni da yaƙe-yaƙe. Sai dai da irin waɗannan alƙaluman ne ake gane albashin ma'aikaci, nauyin haraji da girman bashin da ke kan manomi, ake kuma tantance ko koken da mazauna yankunan suka yi wa Landan yana da tushe a aljihunsu.