Yadda Tsofaffin Gidajen Bakin Kogin Bankok Suka Zama Masaukin Baƙi

Wanda ya kama ɗaki a Praya Palazzo, wani ƙaramin otal a gaɓar yamma ta Kogin Chao Phraya a Bankok, da kwalekwale ake zuwa a ɗauko shi. Gidan ba shi da titin mota a ƙofarsa. Lokacin da aka gina shi, a 1923, ƙofar duk wani mai hali a unguwar, ruwa take kallo, domin ta nan ake shiga, ta nan ake fita.

Haka birnin ya taso tun da Sarki Rama na Ɗaya ya kafa fadarsa a can a 1782. Talakawa na kwana a gidajen katako bisa dirkoki, wasu ma a gidaje masu yawo kan ruwa, kasuwa kuma a cikin kwalekwale ake cinta, a mashigan da mutanen ƙasar ke kira khlong. Yarjejeniyar Bowring da aka ƙulla da Ingila a 1855 ce ta buɗe ƙofar ciniki: shinkafa da katako suka riƙa gangarowa, jiragen Turawa na lodi. Turawan nan ne suka dami Sarki Mongkut da koke cewa ba su da inda za su hau keken doki su sha iska, har ya sa aka shimfiɗa titin Charoen Krung, aka kammala a 1864. Otal ɗin Oriental ya biyo baya a 1876.

Kuɗin da kogin ya kawo su suka gina gidajen da ake kwana a cikinsu yau. 'Ya'yan sarauta da manyan ma'aikata da attajiran 'yan asalin Sin suka shiga yayin gini irin na Italiya. Yarima Chakrabongse, ɗan Sarki Chulalongkorn, ya gina nasa a 1908, kusa da fada, yana hangen hasumiyar Wat Arun. Jikarsa Narisa ce daga baya ta buɗe harabar ga baƙi. Mai gidan Praya Palazzo kuwa babban jami'in kwastan ne, abin da ba zai ba kowa mamaki ba.

Sai mota ta zo. An buɗe gadar Memorial a 1932, shekarar da aka kawo ƙarshen mulkin sarki mai wuƙa da nama. Aka cike mashigai da yawa aka mai da su tituna, manyan jirage suka koma tashar Khlong Toei, iyalan masu kuɗi suka bi kwalta. A 1946 gidan jami'in kwastan ɗin ya koma hannun wata gidauniyar Musulmin Bankok, ya zama makarantar Rachakarun har 1978. Bayan nan ya yi makarantar koyon sana'a, sannan aka kulle shi, rufi ya fara zuba.

A ganina, rashin titin ne ya cece shi. Da mota na isa wurin, da tuni wani ya rushe shi ya ɗora bene mai hawa talatin, kamar yadda aka yi wa ɗimbin ire-irensa a cikin gari. Wani masanin zanen gine-gine, Wichai Pitakvorarat, ya ɗauki aikin gyaransa, kayan aiki duk ta ruwa aka yi jigilarsu, aka fitar da ɗakuna 17 kacal.

Riƙe irin waɗannan gidaje ba sauƙi. Damshi na cin bango, katako na neman kulawa kullum, kuma ambaliyar 2011 ta nuna wa mazauna gaɓar yadda ruwan ke iya hawa. Ga farashin fili a bakin kogin yana ta tashi, musamman tun da katafariyar kasuwar Iconsiam ta buɗe a gaɓar yamma, wato Thonburi, a 2018, kuma ɗaki goma sha bakwai ba ya kawo abin da bene mai ɗaki ɗari uku ke kawowa.