Asalin Kalma: Pansori

Pansori kalmar Koriya ce mai sassa biyu: pan, wato dandalin da jama'a ke taruwa, da sori, wato sauti ko murya. A taƙaice, waƙar dandali ke nan. Mawaƙi ɗaya ne, namiji ko mace, yake tsayawa da mafici a hannu yana rera dogon labari, makaɗi na zaune gefe da gangarsa mai suna buk. 'Yan kallo ma ba sa kame baki, sai jefa kalmomin zuga da ake kira chuimsae. Salon ya tsiro a kudu maso yammacin Koriya cikin ƙarni na 17. Da can labaran da ake rerawa 12 ne, yau saura 5. A 2003 UNESCO ta sanya pansori cikin gadon al'adun duniya.